Fosfet a tankin murjani: yadda ake rage shi ba tare da an halaka murjanin ba

Duk wanda ya ga gansakuka ta fara lulluɓe duwatsun tankinsa na ruwan gishiri, ya auna ruwan ya tarar fosfet ya kai 0.30, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne ya sayo maganin tsotse fosfet, ya zuba da yawa, a huta cikin kwana biyu. Maganin kuwa yana aiki, kuma saurin aikin nasa shi ne inda haɗarin yake. Murjani halittar teku ce mai rai da ake kiwo a tanki, kuma wanda ya yi wata da watanni yana zaune cikin ruwa mai fosfet da yawa ya saba da hakan, jikinsa ya daidaita a kai. In aka janye fosfet ɗin farat ɗaya, sai launinsa ya koɗe, wani ma naman ya fara saɓulewa daga gindi. Gansakukar da aka tayar wa hankali kuwa tana nan abinta.

Fosfet sinadari ne na fosforas haɗe da iskar oksijin, kuma babu halittar da ke rayuwa ba tare da shi ba. Ana auna shi da ppm, wato miligiram nawa ne a cikin lita ɗaya ta ruwa. A tekun da murjani ke tsirowa da kansa, sau da yawa bai ko kai 0.03 ba. Amma teku na kawo wa murjani abinci dare da rana, tanki kuwa ba haka ba, shi ya sa mafi yawan masu kiwo suke riƙe nasu tsakanin 0.03 zuwa 0.10. Akwai tankuna masu lafiya sumul da ke zaune a 0.15 ko 0.20 shekara da shekaru. Matsala takan fito ne in ya zarce haka sosai, ko in yana ta hawa ba tsayawa. A nan gansakuka ke samun taki, ƙananan halittun da ke zaune cikin naman murjani, waɗanda ake kira zuzanteli, su yi yawa har launin murjanin ya koma ƙasa-ƙasa. Sannan fosfet yakan manne a fuskar ƙashin da murjani ke ginawa, ya dagula yadda kalsiyam ke jeruwa, ƙashin ya fito da rauni.

Babbar hanyar shigarsa tanki ita ce abincin kifi. A ɗauki busasshen abinci da kashi 1 cikin 100 na nauyinsa fosforas ne, wanda ba baƙon adadi ba ne a jikin kwalin irin wannan abinci. Giram ɗaya nasa na ɗauke da miligiram 10 na fosforas, wanda in ya zama fosfet ya kai miligiram 30 da ɗoriya. A tanki mai lita 400, wannan ya kusa 0.08 ppm, daga ciyarwar yini ɗaya. Kifi zai riƙe wani kaso a jikinsa, na'urar kumfa, wadda ke fitar da datti daga ruwa ta hanyar kumfa, za ta kwashe wani kafin ya ruɓe, amma saura na nan. Ruwan famfo ma hanya ce, domin a birane da yawa na Ingila da Amurka hukumomin ruwa da gangan suke zuba fosfet don ya hana dalma narkewa daga tsofaffin bututu. Wanda bai tace ruwansa da na'urar RO/DI, mai cire sinadaran da suka narke a ruwa, har ma'aunin TDS, mai auna abin da ya rage narke a cikinsa, ya nuna sifili ba, yana ƙara wa tankinsa fosfet duk sanda ya cike gurbin ruwan da ya tashi a iska.

Abin da ke cikin dutse

Lambar da ma'auni ke nunawa ta fosfet ɗin da ke yawo cikin ruwa ce kawai. Duwatsu da yashin tankin murjani na aragonait ne, wato kalsiyam kabonet, kuma fosfet na manne musu. Idan ruwa ya yi fosfet da yawa, dutse ya sha. Idan na ruwa ya ragu, dutse ya saki. Abin da dutse da yashi suka adana a tsohon tanki yakan ninka na cikin ruwa sau da yawa.

Lissafi ɗan kaɗan zai fito da abin fili. Tanki mai lita 400 da ya nuna 0.30 ppm, fosfet ɗin da ke ruwansa duka miligiram 120 ne, bai kai kashi ɗaya cikin takwas na giram ba. Ko da a ce giram ɗaya na maganin miligiram 10 kacal yake iya kamawa, ai giram 12 sun isa su share ruwan tas. Amma a zahiri sai a zuba giram 100, ya ƙoshi, a canza, a sake canzawa, lamba tana sauka tana komawa. Maganin bai lalace ba, ma'auni ma bai yi ƙarya ba. Dutse ne ke mayar da abin da aka cire. Haka nan canjin ruwa: a canza kashi 10 cikin 100, fosfet ya ragu da kashi 10, bayan kwana biyu ya dawo inda yake.

Daga nan abubuwa biyu ke fitowa. Na farko, aikin rage fosfet a tsohon tanki na makonni ne ko watanni, kuma saurinsa ya dogara ga yadda dutse ke saki. Na biyu, kuma shi ne wanda ake yawan mantawa, maganin da aka zuba da yawa yana iya kai ruwa sifili cikin yini ɗaya alhali dutse na cike taf. Murjani ruwa yake sha ba dutse ba, sai ya shiga yunwa. Gansakukar da ta kafe a jikin dutse kuwa tana tsotsar abin da ke fitowa tun kafin ya isa ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin tanki da ma'auni ke cewa babu fosfet, ga gansakuka kore shar, ga murjani ya yi fari fat.

Awo kafin magani

Ana awon ne da wani sinadari da ke mayar da ruwa shuɗi gwargwadon fosfet ɗin da ke ciki. Ma'aunin da ake kwatanta launi da kati bai da amfani sosai a ƙasa da 0.10, domin ido ba ya bambance shuɗin da ya yi haske haka. Na'urar hannu mai karanta launi da kanta ta fi, kuma waɗanda suka fi yaɗuwa su ne na kamfanin Hanna. HI713 na auna fosfet daga 0.00 zuwa 2.50 ppm. HI774 an yi shi ne don ƙananan lambobi, iyakarsa 0.90. HI736 kuwa fosforas yake aunawa da ppb (kashi ɗaya cikin dubu na ppm), ba fosfet ba, kuma nan mutane da dama ke ruɗewa. Sai an ninka lambarsa da 3.066 sannan a raba da 1000. In ya nuna 20, fosfet ɗin tankin 0.06 ppm ne.

Ko waɗannan na'urori suna da tazarar kuskure ta 0.02 zuwa 0.04, saboda haka bambanci tsakanin 0.05 na jiya da 0.07 na yau ba labari ba ne. Abin dubawa shi ne inda lambobin suka dosa cikin mako. Kwalbar awon na ɗaukar mililita 10. A goge ta da ƙyalle mai laushi kafin a sa ta a na'ura, domin shatin yatsa da ƙananan kumfa a jikin gilashi suna sauya sakamako. A tabbatar garin awon da ke zuwa a ƙaramin ƙunshi ya zube duka a kwalbar, ya narke, a jira minti uku da na'urar ke ƙirgawa. In an gama a zubar nan take a ɗauraye, in ba haka ba shuɗin zai rina kwalbar. A riƙa aunawa a lokaci ɗaya na yini, kafin ciyarwa.

GFO da yadda ake sa shi

Maganin da ya fi kowane yaɗuwa shi ne GFO, ƙwayoyi jajaye masu duhu na ƙarfe da ya haɗu da oksijin da ruwa, ɗan'uwan tsatsa ke nan. Asalinsa ba don kifi aka yi shi ba. Masu tace ruwan sha ne suka samar da irinsa don cire gubar asenik, kuma Jami'ar Fasaha ta Balin na cikin inda aka yi wannan aiki a shekarun 1990. Da yake asenet, wato siffar da asenik ke ɗauka a ruwa, ya yi kama da fosfet a ƙira, abin da ke kama wannan yana kama wancan. Ana sayar da shi da sunaye irin su Rowaphos, mai zuwa da danshi, da PhosBan, busasshe. Kowace ƙwaya cike take da ƙananan ramuka, fosfet na manne wa fuskar ƙarfen da ke cikinsu ya tsaya. In guraben sun cika, aiki ya ƙare. A ruwan teku ba ya kama da yawa kamar a ruwan daɗi, saboda pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya fi hawa kuma wasu sinadarai, irin su siliket, suna takara da fosfet wajen neman gurbi.

Adadin da kamfanoni ke rubutawa ya sha bamban. Wasu na cewa giram 1 ga kowace lita 4, wasu babban cokali ɗaya ga lita 15, wani nau'in mai nauyi da ake ce wa mai yawan ɗauka kuma rabin wannan ake sawa. Ko wanne aka bi, lissafi da ainihin ruwan tankin ake yi, bayan an cire abin da duwatsu da yashi suka mamaye. Kuma a tankin da ke da murjani, ba a farawa da cikakken adadi. Rubu'i ya isa, in an matsa rabi. Tankin lita 400 da kwali ya ce giram 100, a fara da 25 ko 30, a auna bayan yini ɗaya, a sake aunawa bayan kwana uku. Wanda ke 0.30 yana son ya koma 0.10, ya ba abin mako uku ko huɗu aƙalla. In lamba ta faɗi da rabi cikin dare ɗaya, an yi yawa, a rage maganin ko a rufe bawul kaɗan.

Hanyar da ta fi inganci ita ce riyakta, wata doguwar kwalba mai bututu a tsakiya. Ruwa na sauka ta bututun zuwa ƙasa, ya taso ta cikin maganin, ya fita ta sama. Akwai faranti mai huji da soso a ƙasa, wani soson a sama don tare ƙwayoyi. Ana haɗa ta da ƙaramin famfon tura ruwa, mai lita 200 zuwa 400 a awa ya wadatar ga matsakaicin tanki, da bawul tsakanin famfon da riyakta. A ɗauko ruwa daga tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin babban inda ake ajiye kayan tacewa, a sashen da ruwa ya riga ya bi ta safar tacewa da na'urar kumfa, don kada datti ya toshe soson. Kada maganin ya wuce rabin tsayin kwalbar.

Wanki ba a tsallake shi. GFO na zuwa da jar ƙura mai yawa, in ta shiga tanki za ta sauka kan murjani ta dame shi, ta kuma rina yashi. A zuba maganin a riyakta, a sa bakin tiyon fita cikin bokiti, a kunna famfo a hankali. Ruwan farko zai fito ja wur, sai ya koma ruwan lemo, sai ya washe. Yawanci lita 4 zuwa 8 ke tafiya kafin ya yi garau. Sai sannan a mayar da tiyon tankin ƙasa, a cike gurbin abin da aka zubar da sabon ruwan gishiri. Ana iya wankin da ruwan RO/DI. Ruwan famfo ne ba a so, don zai cinye wani ɓangare na guraben tun kafin a fara. Kada kuma a cuɗa shi da hannu ko a murza, marmashewa yake yi.

Daidaita gudun ruwa shi ne inda gwaninta take. Abin da ake nema shi ne saman maganin kaɗai ya riƙa motsi, kamar ruwan tukunya da ya fara alamar tafasa bai kai ga ɓararraka ba, na ƙasa kuma ya zauna lum. In ruwa ya yi ƙarfi har ƙwayoyin suna tashi suna birkicewa, goga juna suke yi, su niƙe su zama gari, garin ya bi ruwa ya shiga tanki. Alamarsa ita ce soson sama ya yi ja, da jan lalle a kusurwoyin tankin ƙasa. In kuma ruwa ya yi sanyin gudu, kalsiyam kabonet zai daskare tsakanin ƙwayoyin ya haɗe su dunƙule guda mai tauri, ruwa ya huda wa kansa hanya ɗaya ta gefe yana wucewa ba tare da ya taɓa sauran ba. Bayan mako guda gudun yakan ragu da kansa saboda soso ya fara toshewa, sai a leƙa a ƙara buɗe bawul.

Wanda ba shi da riyakta yana iya sa maganin a jaka mai ƙananan idanu, ya ajiye ta inda ruwa ke ratsawa a tankin ƙasa. Aikinta bai kai na riyakta ba, domin ruwa ya fi son kewaye jaka da ratsa ta, amma ga ƙaramin tanki wannan rashin ƙarfin alheri ne, ba ta saurin kai ruwa sifili. A shimfiɗa ta falle, kada ta yi ƙulli, a riƙa juya ta a hankali duk bayan kwana biyu ko uku.

Haɗa GFO da gawayin tace ruwa a riyakta ɗaya abu ne da ake yi, sai dai bukatunsu sun saɓa. Gawayi ba a son ya motsa ko kaɗan, kuma ya fi saurin ƙarewa. In dole ne, a cakuɗa su, gawayi kashi biyu GFO kashi ɗaya, a danne da soso yadda babu mai motsi. Gawayin zai hana GFO dunƙulewa. Asarar ita ce ranar canza ɗaya dole a zubar da duka biyun.

Sanin lokacin canji ba ya bukatar kalanda. A auna ruwan da ke fita daga riyakta, a auna na tanki. Muddin na fita ya fi na tanki ƙasa, maganin na da sauran ƙarfi. Ranar da suka yi daidai, ya ƙoshi. A tankin da fosfet ya yi yawa, wannan na iya faruwa cikin kwana uku ko huɗu. A wanda ya daidaita, yakan kai mako huɗu zuwa takwas. Idan murjanin tankin masu saurin fushi ne, irin su Acropora, gara a canza rabi a bar rabi, domin sabon GFO a kwanakin farko ya fi zafin tsotsa. Ana iya farfaɗo da wanda ya ƙoshi ta hanyar jiƙa shi a ruwan soda mai ƙuna, giram 40 a lita ɗaya, sannan a ɗauraye sosai. Sodar na ƙona fata tana makantar da ido, kuma ga mai tanki ɗaya a gida ribar ba ta kai kasadar ba.

Inda abin ke ɓaci

Alkaliniti, wato yawan kabonet da baikabonet na ruwa da murjani ke gina ƙashi da su, shi ne abu na farko da ke motsawa. Fuskar GFO na jawo kalsiyam kabonet ya daskare a kanta da kusa da ita, saboda haka sabon zubi mai yawa na iya saukar da alkaliniti cikin kwana ɗaya ko biyu, a kuma ga farin ɓawo a jikin hita da cikin famfo. Bayan makonni kuma, in fosfet ya sauka murjani ya samu sukunin gina ƙashi, shan alkaliniti na ƙaruwa ta hanya mai kyau. Ko ta wace hanya ce, a makon farko ana auna alkaliniti kullum tare da fosfet. Akwai kuma wani tarko: tankin da ke riƙe alkaliniti sama, wajen 10 ko 11 a ma'auninsa na dKH, in fosfet da naitiret (sinadarin naitirojin da ke taruwa daga kashin kifi da ragowar abinci) suka yi ƙasa sosai, sai kan rassan murjani su yi fari kamar an ƙona, domin ƙashi na girma fiye da yadda nama zai iya rufe shi. A irin wannan tanki, 7 zuwa 8 dKH ya fi zama lafiya.

Sai batun naitiret. Binciken da Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa na Jami'ar Southampton suka wallafa a mujallar Nature Climate Change a 2013 ya nuna cewa murjanin da ke cikin ruwa mai yawan naitirojin da ƙarancin fosfet ya fi saurin yin fari idan zafi ko haske suka ƙaru. Zuzanteli na samun abin da zai sa su hayayyafa, amma babu fosforas ɗin da za su gina jikinsu da shi yadda ya kamata. Ma'anar wannan ga mai tanki a fili take. Wanda naitiret ɗinsa ke 20 ko 30 ppm, ya sa GFO ya kai fosfet sifili, ya jefa murjaninsa cikin mafi munin hali, garin neman ƙiba ya samo rama. Su biyun tare ake saukar da su, kuma ba a kai ko ɗaya sifili.

Tankin da ya daɗe a sifili yakan gamu da annobar daino, wasu ƙananan halittu masu ƙwayar rai ɗaya da ke yin yauƙi ƙasa-ƙasa mai kumfa a kan yashi da duwatsu. Da rana suna yawa, da dare su ragu. Wasu nau'o'insu, kamar Ostreopsis, na da dafi, katantanwar tanki na mutuwa in ta ci. Abin takaici, da yawa in suka ga yauƙin sai su ɗauka fosfet ne ya yi yawa, su ƙara magani. Matakin farko shi ne a kashe riyakta, a ƙara ciyarwa, in ta kama a zuba fosfet da gangan har ma'auni ya riƙa nuna 0.05 zuwa 0.10 kullum. Wannan ma yakan ɗauki kwanaki, domin dutsen da aka tatse shi ne zai fara shanye abin da aka zuba.

Alamomin da murjani ke nunawa sun riga lamba fitowa. Launi ya yi fayau, ƙananan hannuwan murjani su daina fitowa, masu nama irin su Euphyllia su ƙanƙance har a ga haƙoran ƙashinsu, ciyawar Chaetomorpha da ke tankin ƙasa ta daina girma ta fara fari. Duk wanda ya ga biyu daga cikin waɗannan bayan sabon zubi, ya rufe bawul tukuna, sannan ya ɗauko kwalbar awo.

Farin magani da lantanam

Akwai nau'i na biyu, fararen ƙwayoyi na alminiyam oksaid, wanda PhosGuard na kamfanin Seachem ya fi shahara a cikinsu. Ba ya dunƙulewa kamar GFO, yana aiki lafiya a jaka, kuma ba a son ya motsa ko kaɗan. Yana saurin kamawa yana saurin ƙoshi, shi ya sa ake auna ruwa bayan kwana huɗu a ga ko za a canza. Yakan yi ɗumi in ruwa ya fara taɓa shi, saboda haka a bokiti ake wanke shi ba a tafin hannu ba. Masu kiwo sun daɗe da lura cewa murjani masu laushi irin su Sarcophyton da Sinularia sukan rufe su ƙi buɗewa bayan an sa shi, musamman in ba a wanke ƙurarsa da kyau ba. Tankin da irin waɗannan suka fi yawa a cikinsa, GFO ya fi dacewa da shi.

Lantanam kulorayid kuwa ruwa ne, kuma aikinsa daban. Yana haɗuwa da fosfet nan take su zama farin gari da ba ya narkewa, sai a tace garin a fitar. Lissafinsa a miƙe yake: miligiram 1 na fosfet na bukatar kusan miligiram 1.5 na lantanam, wato cire 0.10 ppm daga lita 400 na cin miligiram 58 ko kusa da haka. Ya fi GFO araha nesa ba kusa ba idan fosfet ya haura 0.50, kuma manyan gidajen nuna kifi na amfani da shi. Haɗarinsa garin ne. In ya kuɓuce cikin tanki ruwa zai yi fari, ya manne a sassan da kifi ke numfashi da su, kuma an sha samun rahoton mutuwar kifayen Zebrasoma ta wannan hanya. Ana tsarma shi sosai da ruwan RO/DI, a riƙa ɗiga shi tsawon awanni cikin safar tacewa mai ido maikiron 5 zuwa 10 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a canza safar da zarar ta toshe. Ba a bin fosfet da shi har ƙasa da 0.10, domin in fosfet ya yi kaɗan, lantanam ɗin da bai sami abokin haɗuwa ba zai wuce safa ya je ya daskare a cikin tanki, ya ci alkaliniti. Wurin da ya fi amfani ba tare da fargaba ba shi ne wankin busasshen dutse kafin a sa shi a tanki: a jiƙa dutsen a babban baho na ruwan gishiri da famfo, a riƙa zuba lantanam, ana canza ruwa, har fosfet ya daina dawowa bayan kwana uku ba magani.

Da zarar tanki ya sauko inda ake so ya kuma zauna mako biyu ko uku, adadin GFO da ake bukata zai ragu, domin yanzu abincin yini kawai yake kamawa, dutse ya daina ƙari. Nan ne ake rage zubi zuwa rabi, ko a sa famfon riyakta a kan agogo ya yi awa shida ko goma sha biyu a yini. Kada dai a kashe shi na kwanaki da ruwa tsaye a ciki, ruwan zai rasa oksijin ya yi wari, kuma ba a mayar da irin wannan ruwa tanki. Tankuna da yawa a wannan mataki na iya ajiye GFO gaba ɗaya, su dogara da na'urar kumfa, ciyawar Chaetomorpha da ake yankewa duk mako biyu, da ruwan RO/DI mai tsabta. In an cire riyakta, a ci gaba da awo sau biyu a mako na tsawon wata guda. Lamba ta tsaya tsakanin 0.03 da 0.10, a bar ta. Ta fara hawa da 0.02 ko fiye kowane mako, a mayar da rubu'in adadi a sake dubawa bayan kwana uku.